Goggo Mai Shuɗi da Kunnen Auta

A zamanin da makarantun firamare ke da ɗan ɗakin shan magani, an yi wata ma'aikaciyar jinya da yara suka laƙaba wa Goggo Mai Shuɗi. Laƙabin ya bi ta har ya danne sunanta, hatta hedimasta in bai yi hankali ba da shi yake kiranta. Dalilin kuwa a hannunta yake. Akwai wani magani shuɗi mai duhu da ake shafa wa makero da ƙuraje da gyambo, wanda in ya kama fata sai ya ga dama yake fita. Yatsunta goma ba su taɓa rabuwa da shi ba. Maigidanta, mai gyaran agogo ne a bakin babban titi, yakan ce shi dai mace ya nema, sai aka haɗa shi da mai rini.

Ɗakin nata a ƙarƙashin matakalar bene yake, inda a da ake ajiye tsintsiya da karyayyun kujeru. Taga ɗaya ce, ita ma sai an tokare ta da itace. Akwai siririn gado mai shimfiɗar roba, da kabad mai gilashi wanda makullinsa ke rataye a wuyanta, da risho da take tafasa almakashi da hantsaki a kai. In yara suna sauka daga bene a guje, har kwalabe sai sun yi rawa. A waje kuma dogon benci ne, kullum safiya cike, daga mai jan ido da kwantsa sai mai ƙaswa a tsakanin yatsu, daga mai haɓo sai wanda ya dauje gwiwa wajen ƙwallo, ga kuma masu ciwon ƙarya da ba sa tashi sai ranar lissafi. Waɗannan na ƙarshe maganinsu ba wuya: cokalin man kifi guda, nan take sai ka ga mutum ya warke ya ruga aji.

Ita ce babba a gidansu, ta yi rainon ƙanne har bayanta ya gaji, sannan ta sami aikin wanke kwanoni da zannuwa a wani asibiti. Daga nan aka ga tana da hannu, aka tura ta kwas, ta fito da farar riga da 'yar hula. A makarantar nan ta yi ƙuruciyarta da tsufanta, ta haifi 'ya'yanta maza uku, ta aurar da su, har lokacin da aka daina irin waɗannan ɗakuna aka mayar da nata wurin ajiye alli. Iyaye da yawa a unguwar ta taɓa tsefe musu kai tana neman ƙwarƙwata, shi ya sa ko sun yi gemu, in suka hango ta sai su gyara tsayuwa.

To amma fa a faɗi gaskiya, Goggo hannunta sanyi ne, bakinta wuta. Za ta wanke maka gyambo ba ka ji zafi ba, sai dai kafin ta gama ta wanke ka da faɗa kai da wanda ya haife ka. Kuma ba ta iya magana a hankali ba. Yara sukan ce in Goggo ta yi raɗa a ƙarƙashin matakala, 'yan aji shida na sama suna jin ta. Ita a ganinta ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma shekara da shekaru ba wanda ya tanka mata.

Ana nan, wata safiya malamar aji uku ta turo mata wata yarinya da ake kira Auta, 'yar siririya mai manyan idanu. Malamar ta ce yara sun ƙi zama kusa da ita saboda wari, kuma dai yarinyar daƙiƙiya ce, sai a kira ta sau uku tana kallon mutane kamar ba da ita ake ba. Goggo ta zaunar da ita kusa da taga, ta juya kanta wajen haske. Kunnuwan duka biyu mugunya suke zubarwa, har ta bushe a gefen wuya. Ta kuma lura da wani abu da malamar ba ta lura da shi ba: in ana yi wa yarinyar magana, bakin mutum take kallo, ba idonsa ba.

Likitan da ke zagaya makarantu sau ɗaya a zango ya zo, ya leƙa da 'yar fitilarsa, ya ce dodon kunnen ya huje ta kowane gefe. In aka samu kunnen ya bushe ya zauna a bushe, akwai fatan ya haɗe. In kuwa aka bar shi yana zuba haka, to a shirya, yarinyar nan kurumcewa za ta yi, kuma ba da daɗewa ba. Ya faɗi haka, ya rufe jakarsa, ya wuce makaranta ta gaba.

Aikin ba wani abin mamaki ba ne, naci kawai yake so. Kullum da safe Goggo za ta wanke hannu, ta murza auduga ta yi siririya kamar lagwani, ta zura a hankali ta tsane mugunyar, ta yar, ta murza wata, har sai auduga ta fito fes. Sannan ta kwantar da kan yarinyar a cinyarta ta ɗiga magani, ta juya ɗaya gefen. Sharaɗi biyu ne: kada ruwa ya shiga, kada kuma a toshe, a bar iska ta yi aikinta. Auta ba ta kuka, sai dai ta damƙe bakin rigar Goggo. Kafin zango ya ƙare wari ya tafi, audugar ta fara fitowa da ɗan danshi kawai, har Goggo ta fara yi wa maigidanta alfahari.

Sai aka yi hutu. Ɗakin shan magani kuwa da makaranta yake buɗewa, da ita yake rufewa, ciwo kuma ba ruwansa da hutu. Ranar da aka dawo, Goggo ta tarar da kunnuwan a cushe da tsumma, tsumman jiƙe da mai, bayansa kuma mugunya ta taru kamar ba a taɓa yin komai ba. Ta cije leɓe, ta faro daga farko, ta kuma ce wa Auta ta gaya wa mamanta a daina zuba mai. Wani hutun ya sake zuwa, aka sake dawo mata da yarinya da tsumma da mai. Aikin baban giwa kenan. Wannan karon ta aika a kira mata uwar.

Maman Auta a wani shagon wanki da guga take aiki, wanda ke karɓar zannuwan otal-otal. Ta zo a gaggauce da rigar aiki, hannayenta sun yi fari sun tattare saboda sabulu. Benci cike da yara, ga wasu iyaye mata biyu suna jira. Da Goggo ta ja ta ciki ta rufe ƙofa, da ba a kai ga abin da aka kai ba. Ina! A bakin ƙofa ta tsaya, ta ɗaga tsumman nan da hantsaki kowa ya gani, ta shiga zazzaga. Ta tambaye ta ko kunnen 'yarta fitila ce da za a riƙa ɗura mata mai. Ta ce wasu matan haihuwa kawai suka iya. Ta ce in yarinyar ta kurumce, kada a nemi mai laifi a nesa. Iyayen nan biyu suka sunkuyar da kai.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta jira Goggo ta gama, sannan ta ce, "Na gode, Goggo. Tunda ni na lalata ta, ki bar min abata."

Ta kama hannun Auta suka fita. Washegari yarinyar ta zo makaranta, amma da ta iso matakala sai ta kawar da kai ta haye da sauri, an hana ta shiga ɗakin. Haka aka yi ta yi, ga dogon hutu ya ƙarato, wanda ya fi sauran biyun tsawo in an haɗa su. Goggo ta san abin da zai faru cikin waɗannan makonni, ta san shi sarai, kuma abin ya hana ta sakat.

Ta fara da hedimasta. Ta roƙe shi ya bar mata makullin ƙofar makaranta lokacin hutu. Ya ce ko shi kansa ba shi da wannan iko, gini in an rufe an rufe, kuma ƙwayar magani ɗaya ba ta fita daga kabad, doka ce. Ya ƙara da cewa yara nawa ne a makarantar nan da za ta kashe kanta a kan guda, wadda ma uwarta ta ce ba ta so. Goggo ta fito tana huci. Da ta kai ƙara gida, maigidanta yana cin abinci bai ko ɗago ba, ya ce makulli ba shi ne matsalarta ba, ko an ba ta makullin gari, wa za ta yi wa maganin? Ya ce magana zarar bunu ce, ita ta zare, ita za ta je ta san yadda za ta yi. Ta ce masa ya ji da agogunansa. Amma maganar ta shige ta, domin ta san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ta haushi kenan.

Sai da ta je ofishin lafiya ta zauna a bencin jira har likitan nan ya gaji da ganinta, ya ba ta kwalbar maganin ɗigawa da ƙullin auduga da hannunsa, ya ce ta tafi ta ba shi lafiya. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne hanyar shagon wanki, wadda ta yi kwanaki tana ɗagawa. Mace ce da ba ta taɓa ba wani haƙuri ba in ba iyayenta ba, amma dai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ranar farko ta hutu ta sa kayan gida, ta bar farar rigar a rataye, ta hau bas.

Shagon dogo ne mai zafi, tururi ya cika shi, zannuwa rataye layi-layi suna ɗiga. Can ƙurya Maman Auta na guga a kan faffaɗan tebur, Auta kuma na gefen famfo tana ɗauraye tawul, ruwa na fallatsa mata har ka. Goggo ta yi sallama, aka amsa mata a daƙile, ba a ce ta zauna ba. Ta tsaya, ta tsaya, da ta ga tsayuwar ba za ta fisshe ta ba, sai ta ajiye jaka ta kama bakin wani zanin gado da matar ke fama da shi ita kaɗai. Maman Auta ta dubi shuɗayen yatsun nan a kan farin zanin mutane, ta ce a tsorace ta saki kada ta ja mata asara. Goggo ta ce shuɗin nan ya shekara ashirin bai fita don sabulu ba, ba zai fita don zanin otal ba. Suka ninke shi tare, suka ninke na biyu.

A na uku ne Goggo ta ce, "'Yar nan, na yi miki ba daidai ba. Na ci miki mutunci a gaban yara, kuma ba ki cancanci haka ba. Ki yafe min."

Matar ta koma kan gugarta kamar ba ta ji ba. Can sai ta fara magana, idonta a kan dutsen guga. Ta ce Goggo tana ganin yarinyar ne da safe, an yi mata wanka, ta yi shiru. Ita kuwa ita ke kwana da ita in ciwon ya motsa, tana birgima tana dafe kai. Ɗumammen mai shi ne abin da mahaifiyarta ta yi musu, kuma in ta zuba yarinyar takan samu barci. Tsumman kuma don kada ƙuda ya bi ta ne, kada a yi mata dariya. An aiko mata da saƙo a bakin yarinya cewa ta daina, amma ba wanda ya ce mata ga abin da za ta yi a madadinsa. To ta zauna ta zuba ido 'yarta na kuka?

Kunya ta kama Goggo, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Zango biyu tana aikin nan, ko sau ɗaya bai zo mata a rai ta nuna wa uwar yadda ake yi ba. A ganinta aikin jinya na mai farar riga ne, iyaye nasu su kawo yaro su koma gefe. Ta ja kujera ta zauna ba tare da an ba ta ba, ta juyo da kunnenta na dama wajen matar, ta ce ta yi magana a nan ta gani. Ta ce wannan kunnen tun tana ƙarama ya mutu, irin ciwon Auta ne, kuma irin man nan aka yi ta zuba mata, da hannun uwar da ke son ta kamar rai. Ta ce shi ya sa take magana kamar mai kiran wani a hayin kogi, ba ta jin ƙarfin muryarta. Ko a makaranta ba wanda ya sani, sai maigidanta.

Maman Auta ta kafe dutsen guga a gindinsa. Ta daɗe tana kallon Goggo, sannan ta juya ta ƙwala wa Auta kira, da ƙarfi yadda za ta ji, ta ce ta bar famfon nan ta zo.

Daga ranar, kullum safiya Goggo na shagon kafin a kunna wuta. Amma ba ita ke yi ba. Ta zaunar da uwar, ta sa ta wanke hannu, ta koya mata murza auduga, da inda za ta tsaya kada ta zurfafa, da yadda ake jan kunne baya kaɗan kafin a ɗiga magani. Ashe matar da ke fitar da karin riga ba ta ƙona ba hannunta ya fi na Goggo taushi, har Auta ta faɗa da bakinta, Goggo ta harare ta ta ce butulu. Aka ɗauke yarinyar daga famfo aka mayar da ita ninkin tawul a bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Wajen wanka a sa auduga mai ɗan man shafawa a bakin kunne, ana gamawa a cire. In ciwo ya tashi, a ɗumama tawul da dutsen guga a ɗora daga waje, kada a zuba komai a ciki.

Abin bai tafi sumul ba. Tsakiyar hutu mura ta kama Auta, kunnuwan da suka fara bushewa suka ɓalle da zuba, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar Goggo ta zauna a kan ƙullin wanki, ƙafafunta sun kumbura da hawa da saukar bas, ta ce ita kam ta fara tunanin ko hedimasta ya fi ta gaskiya. Maman Auta ce ta miƙa mata ruwa, ta ce ai ba a fara don a fasa ba, in Goggo ta gaji ta huta a gida, ita za ta riƙa yi safe da yamma. Goggo ta ce wa ya ce ta gaji? Washegari ta riga mai shagon zuwa.

Sannu a hankali na hagu ya bushe, ya zauna a bushe. Na dama ya yi ta gardama, sai dab da komawa makaranta ya daina zuba.

Da likita ya zo zagayen sabon zango, Maman Auta ta nemi izini a wajen aiki ta zo. Goggo ta kore 'yan benci, ta rufe ƙofa. Likita ya daɗe yana leƙa kunnuwan. Sannan ya tsayar da Auta a jikin bango ta ba su baya, don kada ta ga bakin kowa, ya sa Goggo ta toshe mata kunnen hagu da yatsa. Ya koma bakin ƙofa ya yi raɗa. Yarinyar ba ta motsa ba. Ya matso rabin ɗakin ya sake, shiru. Ya zo dab da ita ya yi magana sosai, sai ta ɗan karkata kai kamar mai jin abu daga nesa. Likita ya girgiza kai, ya ce na dama an makara, ba zai dawo ba.

Maman Auta ta dafa bango. Goggo kuwa ta san hutu biyun nan da aka yi asara da hannunta a ciki. Amma ba ta bari muryarta ta karye ba. Ta mayar da yatsanta kunnen dama, ta ce wa likita ya bari uwar ta gwada na hagu, ai muryarta yarinyar za ta fi bukata. Likita ya ja gefe.

Matar ta tsaya a bakin ƙofa tana murza hannaye. Can dai, da wata 'yar murya da ko likitan da ke kusa da ita sai da ya kasa kunne, ta ce, "Wa ya ƙona min zanin mutane da dutsen guga?"

Auta, fuskarta a bango, ko juyowa ba ta yi ba.

"Wallahi ba ni ba ce, Mama. Yaya ne, ya ce kada in faɗa."

Likita ya tuntsire da dariya. Maman Auta ita ma ta fara dariyar, sai ta rikiɗe mata ta zama kuka, ta sulale ta zauna a ƙasa da rigar aikinta. Goggo kuwa ba ta ji tambayar da aka yi ba ko kaɗan, amsar kawai ta ji. Ta cire yatsanta daga kunnen yarinyar, ta juyo da ita, ta ce ta je ta ɗaga mamanta.